Batsa a Dandamalin Ingila: Abin da Aka Share da Abin da Aka Bari



 Zan fara da neman afuwa, domin batun da aka ɗora mini ya shafi batsa, ga shi kuma akwai manya a zauren nan. Inda sakayawa za ta wadatar, zan sakaya. Inda ba za ta wadatar ba, a yi mini haƙuri in kira abu da sunansa.

Maganarmu a kan wasannin barkwanci ce, waɗanda aka rubuta wa gidajen wasan kwaikwayo na Landan daga 1660 zuwa wajejen 1710. Zuriya biyu ko uku sun sha dariya da su. Jikokinsu suka ji kunyarsu, suka yi musu kwaskwarima, daga baya suka kulle su a ɗakunan karatu. A ƙarni na 20 aka sake fito da su, yau kuma ana koyar da su a jami'o'i. Abin da na zo in faɗa shi ne, a tsawon wannan rigima idon masu gyaran tarbiyya ya fi tsayawa a kan ƙazamar kalma. Alhali akwai abin da ya fi kalma muni a cikin wasannin, wato irin auren da suke nunawa da halin da matar aure take ciki, shi kuwa an daɗe ƙwarai kafin a waiwaye shi.

A watan Satumba na 1642, yaƙin basasa yana somawa tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, sai Majalisar ta ba da umarnin rufe gidajen wasa. Masu faɗa a ji a cikinta 'yan Furitan ne, Kiristocin da ke neman tsarkake coci da rayuwar jama'a daga duk abin da suke gani bidi'a ce ko shagala. Gabarsu da 'yan wasa tsohuwa ce. Wajen shekara goma kafin nan, wani lauya daga cikinsu mai suna William Prynne ya rubuta littafi mai shafi sama da 1,000 yana tsine wa wasan kwaikwayo, har ya jefi matan da ke hawa dandamali da karuwanci. Littafin ya fito daidai lokacin da sarauniya da kanta take fitowa a wani wasa na cikin fada. Kotun sarki ta ci shi tarar fam 5,000, ta ɗaure shi, aka yanke masa kunnuwa a bainar jama'a a 1634. Saboda haka waɗanda suka rufe gidajen wasa suna ɗauke da tabon da fada ta yi musu. A 1648 suka tsananta dokar: a rushe dandamali, a yi wa ɗan wasa bulala, a ci ɗan kallo tarar sule biyar. A 1649 suka fille kan sarkin.

Shekara 18 gidajen wasa suna rufe. A watan Mayu na 1660 ɗan marigayin, Charles na Biyu, ya dawo daga gudun hijira ya hau gadon ubansa, kuma ba a ɗau lokaci ba ya ba mutum biyu, Thomas Killigrew da William Davenant, izinin kafa ƙungiyoyin wasa. Takardar izinin da aka ba Killigrew a 1662 ta ƙunshi wani sharaɗi da ya sauya komai. Kafin nan, a zamanin su Shakespeare, yara maza ne ke sa kayan mata su fito a matsayin mata. Takardar ta ce daga yanzu mata ne za su fito a matsayin mata, kuma hujjar da ta kafa ta tarbiyya ce, wai mutane na ƙyamar ganin namiji cikin suturar mace. Ta kuma yi umarni a tsabtace wasanni daga alfasha. To amma abin da ya biyo baya daban ne. Masu gidajen wasa suka gano cewa jikin mace haja ne. Aka yi ta rubuta wasannin da za su sa mace ta ɓad da kama ta sa wandon maza mai kama jiki, don 'yan kallo su ga ƙirarta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wasannin da aka yi tsakanin 1660 da 1700 suna da irin wannan fitowa.

Ku hango zauren da kansa. Bayan azahar ake fara wasa, kyandir yana haska 'yan kallo kamar yadda yake haska 'yan wasa, don haka kowa na ganin kowa. Kujerun ƙasa sule biyu da sisi ne, ɗakunan alfarma sule huɗu. Samarin fada suna hira da ƙarfi, suna tanka wa 'yan wasa, 'yan mata masu tallar lemo suna kai saƙo tsakanin maza da mata. Wasu matan kan rufe fuska da takunkumi, har takunkumin ya zama alamar masu zaman kansu, sai da Sarauniya Anne ta hana shiga da shi a 1704. Ɗaya daga cikin masu tallar lemon nan, Nell Gwyn, ta zama shahararriyar 'yar wasa, ta zama farkar sarki, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu. Shi Charles na Biyu bai samu ɗa ko ɗaya da matarsa ta aure ba, amma ya amsa 'ya'yan gaba da fatiha fiye da goma. Wannan shi ne babban ɗan kallon da marubuta ke son faranta wa rai. Duk da haka kada mu ɗauka zukata sun mutu baki ɗaya. Samuel Pepys, jami'in ma'aikatar sojan ruwa da ya rubuta abubuwan da yake yi kullum daga 1660 zuwa 1669, mayen kallon wasa ne, amma sau da yawa yakan yi alwashin ragewa, in ya karya alwashin ya ci kansa tara ya ba matalauta.

Gwarzon irin wannan wasa kwarto ne. Saurayi ne ɗan babban gida, mai kyau, mai ƙwalisa, mai kaifin baki, aljihunsa a bushe, sana'arsa neman matan mutane. Wanda ake yi wa dariya kuwa miji ne, galibi tsohon attajirin cikin gari mai rowa da kishi. Akwai siyasa a nan. Attajiran Landan su ne suka mara wa Majalisa baya a yaƙin basasa, 'ya'yan sarauta kuma su ne suka yi asarar gonaki suka sha gudun hijira. Idan ɗan fada ya lalata matar ɗan kasuwa a kan dandamali, ramuwar gayya ake yi. Wani wasa na Edward Ravenscroft, The London Cuckolds na 1681, wanda ke nuna dattawan birni uku ana cin amanarsu, an mai da shi al'ada a riƙa yin sa duk ranar bikin Magajin Garin Landan, har tsakiyar ƙarni na 18.

Bari in ɗan daɗe a kan wasa guda, The Country Wife, wato Matar Ƙauye, wanda William Wycherley ya fitar a 1675, domin shi ne aka fi jifa da kalmar batsa. Wani mai suna Horner ya dawo daga Faransa, ya sa wani likitan bogi ya baza labari a gari cewa maganin ciwon sanyi da aka yi masa a can ya kashe masa mazakuta. Mazan gari suka saki jiki da shi. Sir Jasper Fidget, wanda harkokinsa suka sha masa kai, da hannunsa yake kawo masa matarsa don ya ɗebe mata kewa. Matan nan kuwa ba su da zance sai mutunci, amma Horner ya gane cewa jin kunyar duniya kawai suke tsoro, don haka namijin da gari ya yi wa shaidar rashin lafiya shi ne ya fi musu daɗin sha'ani. A kashi na huɗu, matar Sir Jasper ta shige ɗakin Horner ta kulle ƙofa, wai tana neman kwanukan tangaran, mijinta yana waje yana dariya. Ta fito riƙe da tangaran, wata ƙawarta ta ce ita ma a ba ta, Horner ya ce nasa ya ƙare. Babu kalma ɗaya ta ashar a wurin, habaici ne tsantsa, amma duk mai hankali a zauren ya san abin da ake nufi. Wannan fitowa ta tayar da ƙura tun a lokacin. Shekara guda bayan nan Wycherley ya sa wata mace a sabon wasansa, The Plain Dealer, tana kukan cewa wancan wasa ya sa ta tsani tangaran, kuma ya zana ta a matsayin munafuka don ya rama sukar da aka yi masa.

A cikin wannan kashi na huɗu ɗin dai akwai wata fitowar. Pinchwife tsohon mazinaci ne da ya kusa shekara hamsin. Ya je ƙauye ya auro yarinya, Margery, don yana ganin jahilcinta zai hana ta cin amanarsa, ya kawo ta Landan yana kulle ta a ɗaki. Da ya gane zuciyarta ta karkata ga Horner, sai ya zaunar da ita ya ce ta rubuta masa wasiƙar zagi, shi yana faɗa tana rubutawa. Da ta yi gardama, ya ɗaga 'yar wuƙar fiƙe alƙalami ya ce zai zana mata sunan karuwa a fuska. Can gaba kuma ya zare mata takobi. A ƙarshen wasan yarinyar ta yi yunƙurin faɗin gaskiya a gaban kowa, sauran matan da likitan suka taru suka toshe mata baki don asirinsu ya rufu, ta koyi ƙarya, ta koma hannun mai wuƙar. Babu wanda aka hukunta, babu wanda ya tuba.

Fitowar tangaran ita ce kowa ya sani, ita ake ambata duk lokacin da aka tashi zancen lalacewar wannan zamani. Ni kuwa ta wuƙar ce ta fi tayar mini da hankali.

Mai sauraro a nan zai ce, to me ya hana ta fita? A shari'ar Musulunci da muka saba da ita, mace tana da sadakinta, dukiyarta tata ce, in zama ya ƙi akwai saki, akwai hul'i a gaban alƙali. A Ingila ta wancan lokaci, ranar da aka ɗaura aure kuɗin mace da kayanta sun zama na miji. A manyan gidaje iyaye ne ke zama da lauyoyi su yi cinikin nawa amarya za ta zo da shi. Kotun coci tana iya raba wa ma'aurata makwanci, amma babu wanda zai sake aure muddin ɗayan yana da rai. Cikakken saki sai Majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman a kan mutum ɗaya, kamar yadda ta yi wa Lord Roos a 1670, abin da sai mai dukiya ƙwarai zai iya nema. Daga lokacin zuwa 1857, irin wannan saki bai wuce ɗari uku da 'yan kai ba, kuma huɗu ne kacal mata suka samu. A irin wannan ƙasa aka yi ta rubuta barkwanci kan kwartanci. Wannan bai halatta zina ba, amma wanda bai san shi ba ba zai gane abin da jama'ar ke yi wa dariya ba.

Akwai macen da ta shiga sahun marubutan nan, Aphra Behn, wadda ake ɗauka ita ce mace ta farko a Ingila da ta ci abinci da alƙalaminta. Wasanta The Rover na 1677 ba ya ƙasa da na maza wajen sakin baki, sai dai a cikinsa 'yan'uwa mata biyu ne ke neman kuɓuta, ɗaya daga auren dole, ɗaya daga zaman gidan zuhudu da aka tsara mata. Behn ta yi kuka a rubuce cewa abin da ake yafe wa marubuta maza, ita ana kiransa rashin kunya don kawai mace ce.

Iska ta fara juyawa bayan rasuwar Charles a 1685, musamman bayan 1688 da aka kori ƙanensa James, William da Mary suka hau mulki. William bai damu da wasa ba, Mary kuwa mai riƙo da addini ce. A 1691 aka kafa ƙungiyoyin gyaran ɗabi'u a Landan, masu sa 'yan leƙen asiri suna kai ƙarar masu ashar, da mashaya, da masu ciniki ranar Lahadi, da matan banza. Zuwa 1738 sun yi iƙirarin gurfanar da ƙararraki sama da 100,000. Daniel Defoe, wanda shi ma mai son gyara ne, ya yi musu tsokaci a 1698 cewa talaka suke kamawa, mai kuɗi yana wucewa. Su ma 'yan kallo sun sauya, 'yan kasuwa da iyalansu sun yawaita a zaure, kuma ba za su biya kuɗi a yi ta zaginsu ba.

A 1696 Colley Cibber ya gano abin da kasuwa ke so. A wasansa Love's Last Shift, miji ya gudu ya bar matarsa shekaru, ya dawo bai gane ta ba, ta yaudare shi a matsayin wata, da safe ta bayyana kanta, ya durƙusa ya tuba. Kashi huɗu na sakin baki, kashi na biyar na nadama, 'yan kallo suka zubar da hawaye. John Vanbrugh bai yarda da wannan tuba ba. Kafin shekarar ta ƙare ya rubuta The Relapse, inda ya ɗauko ma'auratan nan ya nuna mijin ya koma gidan jiya da zarar ya sake shiga Landan. A 1697 kuma ya fitar da The Provoked Wife. Sir John Brute ya gaji da matarsa bayan shekara biyu da aure. Shi sha'awa ta sa ya aure ta, ita kuɗinsa. Kullum a buge yake, yana zagin ta, yana dawowa cikin dare jina-jina da ƙazanta ya tilasta mata rungumarsa don ya san tana ƙyama. Akwai saurayin da ke son ta, tana kai-kawo a zuciyarta, amma wasan ya ƙare ba ta faɗa ba, kuma ba ta kuɓuta ba.

Ana cikin haka, a 1698, Jeremy Collier ya fito da littafinsa kan fasiƙanci da saɓon dandamalin Ingila. Ina so a yi wa mutumin nan adalci, domin ɗalibai sukan ɗauke shi wani mai tsukakken tunani kawai. Collier limamin cocin Ingila ne mai ilimi, ba ɗan Furitan ba. Ya ƙi yi wa William mubaya'a don yana ganin rantsuwar da ya yi wa James tana wuyansa, ya sha ɗauri a kan haka. A 1696 ya hau wurin rataya ya yi wa mutum biyu da aka yanke wa hukuncin kisa kan shirin kashe sarki addu'ar gafara, har hukuma ta shiga nemansa. Mutum ne da ke biyan farashin abin da ya yi imani da shi. Ya karanta wasannin da kyau, ya tsamo misalai ɗaya bayan ɗaya daga Dryden da Wycherley da Congreve da Vanbrugh. Tuhumarsa ita ce suna sakin batsa har a bakin mata, suna wasa da sunan Allah da nassin Baibul, suna wulaƙanta limamai, sannan suna ɗaukar fasiƙi su mai da shi gwarzo su ba shi lada a ƙarshe.

Wannan tuhuma ta ƙarshe tana da ƙarfi, kuma ina tare da shi a kanta. Ku duba The Man of Mode na George Etherege, na 1676. Dorimant ya wulaƙanta farkarsa ta farko da gangan don ya rabu da ita, ya lalata ƙawarta, sannan wasan ya ƙare yana shirin auren budurwa mai gado. Marubucin ya ba shi mafi daɗin zance a cikin wasan, ta yadda saurayin da ke kallo zai fita yana son ya zama shi. William Congreve ya mayar wa Collier da martani cewa aikin barkwanci shi ne nuna mutanen banza don a guje su, kuma maganar ɗan wasa ba ra'ayin marubuci ba ce. Amsar tana da gaskiya a wasu wurare, amma ba ta wanke Dorimant ba. John Dryden, babban marubucin zamanin, ya fi su dattaku. A 1700, shekarar da ya rasu, ya rubuta cewa Collier ya kama shi da laifi a abubuwa da yawa, kuma ya janye su.

Inda na rabu da Collier shi ne abin da ya gani a wasan Vanbrugh da abin da gyaran ya taɓa. A The Provoked Wife akwai inda Sir John, cikin maye, ya ƙwace rigar limamin coci ya sa, ya yi dambe da 'yan sintiri, aka kai shi gaban alƙali yana ɓarin baki a matsayin malamin addini. Wannan ya ƙona wa Collier rai. Daga baya aka sake rubuta wurin, aka cire rigar liman aka sa wa Sir John kayan mata, kuma a haka ɗan wasa David Garrick ya yi suna da wannan fitowa shekaru masu yawa. Martabar liman ta tsira. Matar Sir John kuwa, Lady Brute, tana nan inda take, dare bayan dare, a gidan mashayin da doka ta hana ta rabuwa da shi. An bar jaki ana dukan taiki. An kuma gurfanar da wasu 'yan wasa a kotu an ci su tara saboda kalmomin saɓo da suka furta a dandamali, bisa wata tsohuwar doka ta 1606.

Abin ban sha'awa shi ne, marubutan da ake tuhuma su ne suka fi kowa matsa tambayar aure a waɗannan shekaru. A The Way of the World na Congreve, na 1700, Millamant ta zaunar da mai neman aurenta ta gindaya masa sharuɗɗa: ta tashi daga barci lokacin da ta so, ta rubuta wasiƙa ta karɓa ba tare da bincike ba, ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo ɗakinta. Ana dariya, amma mace ce da ta san ranar ɗaurin aure doka za ta karɓe mata komai, take neman abin da za ta iya ajiyewa. Wasan bai samu karɓuwa sosai ba, Congreve bai sake rubuta barkwanci ba, yana ɗan shekara 30. A 1707 George Farquhar ya rufe The Beaux' Stratagem da miji da mata suna rabuwa bisa yardar juna, abin da babu kotun Ingila da za ta amince da shi a lokacin.

Daga nan sai zamanin kwaskwarima. An daina yin The Country Wife bayan 1753. A 1766 Garrick ya sake ƙera shi da sunan The Country Girl, ya cire Horner gaba ɗaya, ya mai da Margery budurwa a hannun mai riƙonta, ta gudu ta auri saurayi mai kirki. Da aka cire aure daga labarin, an cire zina, an kuma cire tambayar. Barkwancin hawaye ya mamaye dandamali har Oliver Goldsmith ya yi kukan cewa dariya na neman ɓacewa, ya rubuta She Stoops to Conquer a 1773, wanda da yawa daga cikin ɗalibanmu suka karanta don jarrabawar WAEC. A 1822 marubuci Charles Lamb ya nemi ya kare tsofaffin wasannin da cewa duniyar tatsuniya ce, mutanen ciki ba na gaske ba ne, don haka ma'aunin tarbiyya bai hau kansu ba. Wannan kariya ban karɓe ta ba, domin mutanen ciki na gaske ne ƙwarai. Thomas Macaulay ya rushe ta a 1841, kuma ya hango abin da mutane da yawa ba su hango ba, cewa rashin tausayin da ke cikin wasannin ya fi batsarsu zama abin kunya. Sai dai da ya zo lissafa wanda aka zalunta, mijin da aka ci amanarsa ya fi tsaya masa a rai.

A gefe guda kuma hukuma ta shigo. A 1737 Firaminista Robert Walpole, wanda wasannin Henry Fielding suka addaba da ba'a, ya sa Majalisa ta yi dokar da ta wajabta kai kowane sabon wasa ga babban jami'in fada, Lord Chamberlain, kafin a yi shi. Siyasa ce ta haifi dokar, amma ofishin ya zama mai gadin tarbiyya na shekara 231. Shi ya hana Mrs Warren's Profession na Bernard Shaw, wanda ke bayanin yadda talauci ke tura mata karuwanci. An rubuta shi a 1893, jama'ar Landan ba su gan shi a fili ba sai 1925. Shi ya hana Ghosts na Ibsen, labarin matar da ta rufa wa fasiƙin mijinta asiri har ɗanta ya gaji tunjere. A daidai wannan lokaci mawaƙiya Marie Lloyd tana cika gidajen rawa da habaicin batsa, da ƙifta ido da karkata murya, abin da mai tacewa ba zai gani a takarda ba.

Dokar aure kuwa tafiyar hawainiya ta yi. A 1857 aka kafa kotun saki, amma miji zina kawai zai tabbatar, mace sai ta haɗa da wani laifin kamar azabtarwa ko guduwa. A 1878 matar da miji ya yi wa mugun duka ta samu damar neman a raba su a kotun majistare. A 1882 matar aure ta mallaki dukiyarta. A 1923 aka daidaita hujjar saki tsakanin miji da mata, kuma a 1924 aka sake sa The Country Wife a dandamalin Landan yadda Wycherley ya rubuta shi, bayan shekara 171. Ban ce ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Amma tsakanin littafin Collier da ranar da mace irin Lady Brute za ta iya zuwa gaban alƙalin majistare ta nemi a raba ta da mai dukanta, shekara 180 ce.

A watan Satumba na 1968 aka soke tacewar Lord Chamberlain. Barkwancin batsa bai jira wannan ba, yana nan a fina-finan Carry On da aka fara a 1958, da shirin Benny Hill na talabijin, inda dattijo ke bin 'yan mata masu guntayen kaya da gudu. Mary Whitehouse, wata malamar makaranta, ta ɗauki tutar Collier tun 1964, tana yaƙi da ashar da tsiraici a talabijin da sunan Kiristanci. Amma ba ita ta ga bayan Benny Hill ba. Da kamfanin talabijin na Thames ya dakatar da shirin a 1989, hujjar da ya kawo ita ce raguwar masu kallo da tsadar shiri, sai dai an shafe shekaru mata da matasan 'yan barkwanci suna sukar sa. Su ba kalmomin suka dame su ba, don wasunsu sun fi shi sakin baki. Tambayarsu ita ce wa ake yi wa dariyar, kuma me yaron da ke kallo yake koya game da mace. Ina ganin wannan tambaya ta fi ta Whitehouse kusa da inda ciwon yake, ko da yake masu yin ta sun saki kunyar harshe, ita kuwa ba abin yarwa ba ce, kuma Collier bai yi kuskure da ya kare ta ba.